Tagar da Baba Ya Rufe

Wata Juma'a bayan la'asar, a ɗakinmu na unguwar Shumaisi a birnin Riyad, Baba yana goge takalmansa na aiki, talabijin kuma tana nuna wani mutum da ake rantsarwa gwamnan wata jiha a Amurka. Har yau in na ji warin man takalmi, ranar nake tunawa.

Baba direba ne, yana ɗan jin Turanci, shi yake fassara mini. Ya ce uban mutumin baƙo ne, tuƙin tasi ya kai shi can. Ɗan ya fara daga kansila, yau ga shi jama'a sun zaɓe shi.

Na daka tsalle na ce, "Baba, ai ni ma a nan aka haife ni! In na girma ni ne gwamnan Riyad."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye buroshi, ya tashi ya rufe taga, alhali esinmu mai sanyaya ɗaki a lalace yake. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada na sake ji, ko a makaranta. Iƙamarka ta zaman ƙasar nan a jikin tawa take, tawa kuma tana hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Mu nan aron zama aka ba mu."

Muka ƙarasa kallon muna zufa.

Yanzu ina aiki a unguwar Ulaya, nan cikin Riyad, duk shekara ina jiran a sabunta mini izinin zama a garin da aka yanke mini cibiya. Baba ya rasu, amma har gobe in zan faɗi burina, sai na fara duban taga.