Kwalekwale Mai Ɗaukar Mutum Biyu

Dokar shafin wasa ƙwaƙwalwa ta ce kowace tambaya ta zo da amsarta. Wani magidanci kuwa ya tura tasa babu amsa:

"Ambaliya a Gashuwa. Kwalekwale yana ɗaukar matuƙi da mutum ɗaya, sawu uku kawai ruwa zai bari. Ga tsohuwa, ga mai ciki, ga yara biyu. Yaya kowa zai tsira?"

Fatansa a ce masa babu hanya.

Nan take wata mata daga Nguru ta amsa: "Malam, yara biyu ai nauyin babba ɗaya ne. Turo mai wuya."

Ya kife wayar, ya ƙura wa 'ya'yansa biyu ido. Shekara uku ke nan da ya kwashe su da matarsa mai ciki, ya bar mahaifiyarsa cikin ambaliyar. Sun girma, ya kasa tuna nauyinsu na ranar.