Mai Toshe Ramukan Gafiya

Likita, jiya a taron kwamiti na ji ka ce binciken maikro-RNA wasan yara ne, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Kai da ke yanke hanjin mutane ka fi kowa sanin ɓarnar sankarar babban hanji. Waɗannan maikro-RNA, wato 'yan mitsi-mitsin zaruruwa da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, wasunsu aikinsu kenan su toshe saƙon da ke sa ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba birki. In suka yi ƙaranci, ciwon ya samu hanya. Zauna ka ji.

A wata fadama akwai wani dattijo da ke bin gaɓar magudanar ruwa kullum da safe, da ƙwaryar laka a hannu. In ya ga ramin gafiya ko 'yar tsaga, sai ya durƙusa ya cusa laka, ya danne da diddige, ya wuce. Shekara goma sha tara gaɓar ba ta taɓa ɓallewa ba, don haka ba wanda ya san yana wani aiki. Da aka naɗa sabon shugaban manoma, ya tarar da shi durƙushe, sai ya yi dariya a gaban jama'a ya ce, "Baba, da girmanka kana wasa da taɓo? Je ka huta, injin ban ruwa za mu kawo." Dattijo ya wanke ƙwaryarsa ya tafi gida.

Inji ya zo, ruwa ya ƙaru, aka yi ta tafi. Ramin da bai fi shigar yatsa ba ya zama na hannu, na hannu ya zama na kai. Ranar wata kasuwa, mutane duk sun tafi, gaɓar ta ɓalle. Ruwa ya kwashe albasar wata bazawara da ta rage sati biyu a cire, ya bi ya shafe tumatirin mutum goma sha ɗaya. Da aka taru, shugaban nan ko kunya babu, ya ce laifin gafiya ne. Bazawarar ta ɗebo laka cikin tafin hannunta ta zuba masa a kan takalmi, ta ce, "Gafiya dai tun kakanninmu tana nan. Wanda ke toshe raminta ne ka kora."

To Likita, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.