Rigar Yaya Ɗanlami

Tun da sabon sauro ya zo, hukuma ke raba rigar kariya, amma ga manoma kaɗai, kuma a wurinsu manomi namiji ne. Mu masu dashen shinkafa cikin ruwa har gwiwa, sunanmu 'yan taimako. Zazzaɓi ya ɗauke ƙanwata bara, yanzu ga Inna a kwance.

Da safe na ɗauki rigar Yaya Ɗanlami. Ba ta aiki sai ta ji warin gumin mai ita, don haka na sa singiletinsa mai datti daga ciki. Nan take ta fara ƙugi ƙasa-ƙasa.

Mai gadin fadama, Malam Sambo, ya tare ni.

"Ke Lantana, ina mai rigar?"

"Yana wurin mai shayi, Baba."

"Cire ta."

Ban taɓa haɗa ido da babba ba. Yau na haɗa.

"Zo ka cire min da hannunka, a gaban iyayena mata."

Matan suka miƙe daga cikin ruwa, sauro ya yi baƙi a damatsansu. Malam Sambo ya matsa gefe.

Daga cikinsu Goggo Asabe ta ɗaga murya: "Daga yau, kada wadda ta ƙara wanke singiletin mijinta!"