Daɓen Tsohon Banki

"Wannan tayil ɗin ba na wurin nan ba ne," in ji tsohuwar, tana ƙwanƙwasa shi da sanda.

Shugabar aikin ta dubi tayil ɗin. Wata takwas suna gyaran tsohon bankin nan na birnin Bulawayo don ya koma gidan tarihi, jibi za a buɗe.

"Gogo, hotuna muka bi fa," in ji shugabar, tana kiranta kaka da yaren garin.

"Hoto ya taɓa durƙusawa? Shekara ashirin da shida na yi ina goge daɓen nan da gwiwoyina, 'yar nan. Nan ja ne."

Tsohuwar ta bi zauren bankin kai a sunkuye tana gyara musu, magina na biye da alli.

Da ta gaji aka kawo kujera. Ta yi jim, don ba ta taɓa zama a zauren ba, sannan ta zauna ta jingina. Kanta ya ɗagu. Rufin gilashi ne shuɗi, rana na zubowa ta cikinsa.

"Wannan kam kun kyauta. Yaushe kuka sa?"

Shugabar ta ɗaga kai ita ma.

"Ba mu taɓa shi ba, Gogo. Da shi aka gina bankin."