Tafin Hannu Zuwa Jidda

Ana gobe Baba zai tafi hajji, ya dawo daga zaga gidajen Kebbe neman gafara, na tare shi a zaure.

"Baba, Jidda da nisa?"

Ya tsuguna, ya ɗiga ƙasa da kara wuri biyu. "Nan Sakkwato, inda jirgi ka tashi. Nan Jidda." Ya rufe su da hannunsa. "Kin gani, ɗiyata? Tafin hannu guda."

Na kifa ƙwarya a wurin, kada kaji su tone kafin ya komo.

Jakarsa kaɗai aka kawo mana.

Bara na yi tafiyar da kaina. Tun tashi har sauka ina kallon tafin hannuna, ban ga inda mutum zai ɓace a ciki ba.