Maƙerin da Gidansa Ya Riƙe Shi

Kai ɗan nan da kake washe baki don ka gama biyan abin da alƙali ya yanke maka, har kana rantsuwa kai da ƙofar kotu har abada, zauna ka ji.

An yi wani maƙeri da tartsatsin wutarsa ya tashi ranar iska, ya cinye rumbun maƙwabcinsa ƙurmus. Aka je gaban alƙali, aka yanke masa diyya. Ba shi da abin biya a lokacin, sai kotu ta ɗora hannu a kan gidansa. Ya kwana a ciki, ya yi ƙirarsa a ciki, amma ba sayarwa, ba jingina, ba kyauta, sai ya sauke nauyin, mai haƙƙi kuma ya zo da bakinsa ya shaida an biya shi, sannan alƙali ya janye hannu. Maƙerin nan ba macuci ba ne. Da bazara ya ƙera wa maƙwabcin fartanya da garma, da kaka ya auna masa dawa, shekara bayan shekara, har ranar da mutumin ya ce ya isa haka, ya yafe sauran. Suka raba goro a zaure, su biyu, babu na uku. Maƙwabcin ma shi ya fara cewa, "Gobe mu je a kashe maganar nan a gaban alƙali." Maƙeri ya ƙi. Wai in aka sake ganinsa a bakin kotu, gari zai ɗauka an kuma kai shi ƙara, kuma tsakanin maƙwabta ai baki ya isa. Kunya ce kawai, amma ya raɗa mata suna mutunci.

Kwana ya ja. Maƙwabcin ya rasu, 'ya'yansa suka watse neman abinci. Matar maƙeri ita ma ta rasu. 'Yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Hannunsa ya daina iya ɗaga masaba, ɓeraye suka cinye fatar zugazugi, kaji suka mai da maƙera wurin kwana. Zauren da a da manoma ke cika shi suna jiran lauje, yanzu sai ya wuni bai ji sallama ba. Ya dama kununsa, ya sha rabi, ya rufe rabi.

Sai 'yar ta aiko ya taho ya ƙarasa kwanansa kusa da jikoki. Ya amsa, amma ba zai shiga garin suruki hannu rabbana ba: zai sayar da gida, ya sayi ɗaki nasa a can. Ya ɗaure kayansa tsaf. Mai saye ya zo ya zaga, suka yi ciniki, ya tafi bincike. Da ya dawo ko takalmi bai cire ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ai gidan nan da hannun kotu a kansa."

Tsoho ya dogara sanda ya nufi wurin da ya guje wa tun yana da ƙarfi. Alƙalin da ya san shi ya daɗe a ƙasa. Sabon ya ce bai ƙaryata shi ba, amma ya kawo mai haƙƙi, ko magadansa, ko shaida. Mai haƙƙi na kushewa. Babban ɗansa da aka lalubo da ƙyar ya aiko cewa shi dai ya san an ƙona rumbun ubansa, bai san an biya ba.

Kayan suna nan a ɗaure a zaure, bai kwance ba. Duk ranar kasuwa motar garin 'yarsa tana bi ta ƙofarsa, yakan fito ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya koma ciki.

Tashi ka nemo mutumin da ka biya tun yana numfashi, ku je gaban alƙali. Ba a fafe gora ranar tafiya.