Ɓarawon Ruwan Kwata

Shekara uku ke nan da kafa dokar a garin nan na bakin teku: ruwan kwata na gwamnati ne, wanda ya ɗiba ɓarawo ne. Aka zura shi a bututu zuwa matatar ruwa, wai don a ceci teku.

Baba Jatau, da ya shekara arba'in yana ban-ruwan lambu da shi, ya wayi gari latas ɗinsa duk ya kwanta. Ya saɓi jarka sai matatar.

"Ilu, jarka ɗaya tak," ya ce wa mai gadi.

"Baba, rufa min asiri. Korata za a yi."

Ta saman katanga tsohon ya hangi bututun ya tumbatsa, yana amai cikin teku. Tekun ya yi kore kamar miyar kuka, ko tsuntsu ɗaya babu a kansa.

"Kai, ɗan nan! Lokacin da lambunanmu ke shanye ƙazantar nan, ka taɓa ganin mushen kifi? Garin neman gira kun rasa ido!"

Ya tattare riga, ya ture ƙofa, ya tara jarkarsa a bakin bututun.

"Kira masu dokar. Su rubuta cewa na saci abin da suke zubarwa."